In ƙara wa yaran shago albashi, ko in yi musu inshorar lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin dankalin turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada, nan Jos, kuma yara biyar nake da su. Bara da damina ɗayansu ya kwanta, har sai da aka yi masa tiyata. Daga jari na ciri kuɗin, wanda ya sa mota guda ta dankali daga Bokkos ta wuce ni. Yanzu ina tunanin in ƙara wa kowa dubu goma a wata, kowa ya ji da lafiyarsa. Ko hakan ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri, ya mayar da gurbin abin da ka kashe. Sai dai ƙarin nan ba zai raba ka da matsalar ba.

Dubu goma-goma ga mutum biyar, naira 600,000 ke nan a shekara. Kuɗin zai tafi a cefane da haya, ba kuma laifinsu ba ne, yanayi ne. Ranar da ciwo ya faɗo tsakar dare, ƙofarka za a buga, kuma wanda ya ciri jari bara ba zai iya kau da kai bana ba. Ka biya sau biyu ke nan.

Ciwo mai cin kuɗi ba kowa yake kamawa a shekara ba, amma wanda ya kama yakan durƙusar da shi. Irin wannan nauyi taro ne ke ɗaukarsa, wato inshorar lafiya, inda kowa ke zuba kaɗan a yi wa wanda ya kwanta jinya. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, shi ya sa jinya ɗaya ke cinye jarin shekaru. A jihar Oregon ta Amurka, a 2008, an yi ƙuri'a wajen bai wa masu ƙaramin ƙarfi inshorar gwamnati, masana tattalin arziki suka bi sawun waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, masu inshorar sun rage cin bashi saboda jinya, hankalinsu kuma ya fi kwanciya. Wannan ɓangaren ne ya shafe ka a matsayin ɗan kasuwa.

Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Nan Filato akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, tana kuma da tsarin masu sana'ar kansu. Ka je ofishinsu da kanka, kada ka aika. Ka nemi a nuna maka a rubuce abin da tsarin ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba, musamman tiyata, da kuma yaushe katin zai fara aiki bayan rajista. Asibitin da za ku zaɓa ya zama na kusa da gidajen yaran.

Akwai kuma maganar masu ɗora buhu da saukewa. Rauni a bakin aiki dokarsa daban ce, ta 2010, inda mai gida ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni. Ka tambaya a kai.

Inshora ba ta ɗauke komai. Wani maganin sai an saya a waje, ga kuɗin mota, ga abincin mai jinya. Don haka bayan ka biya musu rajista, abin da ya rage cikin 600,000 ɗin ka raba shi biyu: rabi ka ƙara musu, domin sun cancanta, rabi ka zuba a asusu na daban wanda ba ya haɗuwa da kuɗin sari. Ka tara su biyar ɗin ka faɗa musu nawa ne a ciki, da abin da ake taɓa shi dominsa. In akwai mai iyali a cikinsu, ka fara tambayar kuɗin shigar da matarsa da 'ya'yansa, domin jinyarsu ma a kanka take ƙarewa.