Amsa: Swicin bene na biyar ya ƙi koyon hanyoyin OSPF

Ɗan'uwa, ka ce a otal ɗin da kake aiki a Makka swicin rarrabawa na bene na biyar ba ya ganin hanyoyin babban swici ta OSPF (tsarin da na'urorin sadarwa ke sanar da juna hanyoyin da suka sani), alhali ping (gwajin ko saƙo yana isa) yana tafiya. To, kafin ka taɓa rumbun bayanan OSPF, duba maƙwabtakar swici biyun da umarnin show ip ospf neighbor. In ka ga ta maƙale a EXSTART (matakin fara musayar bayanai), galibi MTU ne, wato iyakar girman ƙunshin saƙo: wani ya kunna 9000 a gefe guda, ɗayan yana kan 1500, sai musayar bayanan ta ƙi gamuwa. Ni ma ya taɓa cinye mini dare guda a Jidda, ana saura kwana biyu alhazai su sauka.

In maƙwabcin bai ma bayyana ba, daidaita hello (tazarar saƙon gaisuwa) da dead (lokacin jira kafin a ɗauka maƙwabci ya ɓace), sakan 10 da 40 a Ethernet, ka duba lambar yankin OSPF (area) a gefe biyun.

In kuwa FULL ce, wato maƙwabtakar ta kammala, buga show ip ospf database a swici biyun. A cikin yanki ɗaya dole su yi daidai. Lambar jerin LSA (sanarwar hanyoyi da ke cikin rumbun) da ke ta hauhawa alamar Router ID (lambar shaidar na'ura) ɗaya ne a na'ura biyu. Kuma kowane yanki sai ya jingina da yanki 0, wato babban yankin da ke haɗa sauran.