Amsa ga mai tambaya kan makeron da yake dawowa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce makero ya fito wa ɗanki a wuya, kin sayi man shafawa a kemis a nan Jos, ƙaiƙayin ya lafa cikin kwana uku, amma da kika daina sai ya dawo har ya ƙara faɗi.

Da farko ki duba abin da aka rubuta a jikin kwalin. Idan kin ga betamethasone ko clobetasol, ki dakata da shi, domin waɗannan sinadarai suna kwantar da ƙaiƙayi ne kawai, ƙwayar cutar kuwa tana ci gaba da bazuwa, kuma suna sirantar da fatar yaro. Ki nemi clotrimazole zalla, wato man shafawa mai kashe ƙwayar cutar makero, mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Ki wanke wurin, ki tsane shi sosai, sannan ki shafa kaɗan safe da yamma, ki zarce gefen zoben da kamar faɗin yatsa, domin a bakin nan cutar take tafiya. Kuskuren da na fi gani shi ne dainawa da wuri. Ki ci gaba har mako biyu bayan fatar ta washe. Ki ware masa tawul da soso, ki wanke hannunki bayan shafawa, kuma kada man ya kusanci ido.

Idan ya hau fatar kai ko farce, shafawa kaɗai ba ta isa, sai likita ya rubuta maganin sha. Haka nan idan mako biyu ya wuce babu sauƙi, ko wurin ya fara ruwa, ki kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Allah ya ba shi lafiya.