Innata ba ta iya tafiya, wani zai iya yi mata zaɓe?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Innata ta haura shekara 80, ƙafafu sun ƙi, rajistarta tana can Gwadabawa ita kuma yanzu tana wurina nan Mabera. Wani yaron ɗan siyasa ya zo wai mu ba shi katinta, akwai tsarin da aka yi wa tsofaffi su yi zaɓe daga gida. Hankalina bai kwanta ba, mi za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Kar ka ba shi katin nan. A Najeriya babu zaɓe daga gida, babu ta gidan waya, babu wakilci. A Ingila ana aika ƙuri'a ta wasiƙa, a jihar Texas ta Amurka ma wanda ya kai 65 yana da wannan damar, amma mu nan sai mai katin ya je rumfar da ya yi rajista da kansa.

Wallahi na gaji da wannan ƙaryar, duk lokacin zaɓe sai an dawo da ita, a bi gida gida ana karɓe katin tsofaffi da 'yar dubu biyu ko atamfa, wai za a dangwala musu. To ta yaya? Na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS, sai ta karanta yatsan mai katin ko fuskarsa kafin a miƙa masa takardar ƙuri'a, shi yaron da fuskar wa zai tsaya gaban na'ura, ta Inna? Abin da suke nema kawai katin ya kwana aljihunsu ranar zaɓe, in sun san gidanku ba nasu ba ne sun rage wa abokin hamayya ƙuri'a ɗaya ke nan. Kuma saye ko sayar da katin zaɓe, ko riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba, laifi ne a doka, har ɗauri ana yi. Wasu ma ce maka za su yi ai yatsan tsoho ya goge na'ura ba za ta kama ba, gara a kawo katin. E, yatsan wanda ya sha fartanya da daka yakan ba da wuya, shi ya sa ake ɗaukar fuska.

Abin da INEC ta tanadar mata shi ne ba za ta bi layi ba, tsofaffi da masu ciki da masu nakasa su ake fara sallama, ka yi wa jami'in rumfar magana tun isarku. In gani ya yi rauni ko hannu na rawa, ita za ta zaɓi mai raka ta ya taimaka mata, jika ko kai, amma ban da wakilin jam'iyya. Ana buɗewa 8:30 na safe, ku je da wuri kafin ranar Sakkwato ta buɗe.

Batun Gwadabawa kuwa, in an buɗe rajista ka nemi a mayar da ita rumfa mafi kusa da gidanka, a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko ka fara ta intanet. Kar ka jira sai zaɓe ya matso don suna rufewa da watanni, in ka makara to sai dai ka ɗauki shatar mota zuwa Gwadabawa.