Hukuncin bikin cika shekara 30 da zinaren Atlanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo a Kaduna. Ranar 3 ga Agusta 2026 za a cika shekara 30 da Najeriya ta doke Ajantina 3-2 a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta. Ina so in haska wa matasa wasan, sannan mu shirya gasar unguwanni, kowace ƙungiya ta zuba naira dubu 20, wadda ta ci kofi ta kwashe kuɗin. Wani ɗan'uwa ya ce min bidi'a ce, Musulmi ba shi da biki sai Idi biyu. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, kana tambaya a kan bikin, amma abin da ya fi tsaya min a rai naira dubu 20 ɗin nan ce. Bari mu fara da abin da ya dame ka.

Ɗan'uwan da ya yi maka magana bai faɗi son ransa ba, akwai manyan malamai a kan fahimtarsa. Hujjarsu hadisin Anas ne a Abu Dawud da Nasa'i: Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar mutane suna da kwana biyu da suke wasa a cikinsu tun jahiliyya, sai ya ce Allah Ya musanya musu da mafi alheri, Idin Layya da Idin Azumi. Suna ƙarawa da bayanin Ibn Taimiyya cewa idi shi ne taron jama'a da yake dawowa bisa al'ada.

Ina girmama su, amma ban ga wannan ya hau kan naka ba. Kwanakin da aka soke bukukuwan jahiliyya ne da suka zame wa mutane idi a madadin na Musulunci. Kai kuwa ba ka ce 3 ga Agusta rana ce mai albarka ba, ba ka ware mata salla ko azumi ba, ba ka kuma jiran lada don ka girmama ta. Imam Shaɗibi a littafinsa Al-I'itisam ya bayyana bidi'a da hanyar da aka ƙirƙira a cikin addini, mai kama da shari'a, ana nufin ƙarin bauta da ita. Wace bauta ce a cikin kallon ƙwallon da Babayaro ya ci da ka, ko wadda Amokachi ya farke da ita, ko ta Amunike a mintin ƙarshe? Al'ada ce, kuma asalin al'adu halacci ne har sai hani ya zo. Ko a ma'aunin su kansu, taron da aka yi sau ɗaya bayan shekara 30 bai zama mai dawowa ba. Da za ka mayar da shi farilla kowace shekara, har a zargi wanda bai zo ba, da maganarsu ta yi ƙarfi, da ni ma na ce ka bari. Wasan jiki kansa ba a jayayya a kai, Habashawa sun yi wasan māsu a masallacin Annabi, Nana A'isha tana kallo.

To kuɗin nan. Kowace ƙungiya ta zuba, ɗaya ta kwashe, sauran su tafi hannu rabbana: wannan caca ce, ko da an kira ta kuɗin rajista, ko da kowa ya yarda. Gyaran ba wuya. Abin da 'yan wasa suka bayar ya tafi ga hayar fili, ƙwallo, ruwan sha da sallamar alƙalin wasa, kada kobo ɗaya ya shiga kyauta. Kofi da kyauta su fito daga aljihunka ko na wani mai hali da ba ya cikin masu bugawa. Idan kamfanin caca ya zo da rigunan wasa da tambarinsa a ƙirji ya ce zai ɗauki nauyi, ka mayar masa da kayansa.

Na san gidan kallo: ɗakin kwano, benci a jere, janareta na ruri, a kira Magariba babu mai motsi. Wannan tsohon wasa ne, na'urar tana hannunka, ka tsayar da shi a yi salla, sakamakon ba zai canza ba. Gasar ma a tsara ta yadda ba za ta cinye La'asar ba, 'yan wasa su sa wando mai rufe cinya, a bar kiɗan banza da cakuɗa maza da mata. Kada ka ci bashi don a yabe ka a unguwa.

Tunda yaran da za su cika ɗakin ba a haife su ba a 1996, ka gaya musu cewa Tijani Babangida da Garba Lawal, 'yan wasan ƙungiyar Najeriya ta wancan lokaci, a garin nan naku suka taso, kuma wannan ce ƙungiyar Afirka ta farko da ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik, bayan ta farfaɗo daga 3-1 ta doke Barazil 4-3. Shi kuma ɗan'uwan da ya yi maka nasiha, ka je ka gode masa, kada ka kai masa wannan amsa kana yi masa gori.

Wallahu a'alam.