Za a dasa min tayi a mahaifa, akwai zafi?

Tambaya: Likita barka da aiki. Ina Abuja, 'ya'yana biyu, na yarda zan ɗaukar wa wasu ma'aurata ciki saboda an cire wa matar mahaifa. An riga an haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta a asibiti, saura a dasa min, kuma wallahi tsoro nake ji. Tiyata ce? Da gaske ne sai na kwanta sati biyu don kar ya faɗo?

Amsa: 'Yar uwa kwantar da hankalinki, ba yanka ba ɗinki, yawanci ko allurar barci ba a yi. Abin da zai fi damunki ranar ma fitsari ne, don za a ce ki sha ruwa ki riƙe, cikakkiyar mafitsara ita ke miƙar da mahaifa ta sa hoton sikanin ya fito tas. To ga ki a kwance, nas na danna miki na'urar a mara ke kuma a matse, likita ya sa ƙarfen nan na buɗe gaba ya zura wani siririn bututu mai laushi ta bakin mahaifa, sai ki ga ɗan farin ɗigo a allon, wannan kumfar iska ce da aka haɗo da tayin, shi kansa ya yi ƙanƙantar da sikanin ba ya nuna shi. Daga nan a mayar da bututun ɗakin gwaji a duba ko tayin ya maƙale a ciki. Minti 10 zuwa 15 an gama.

Maganar kwanciya kuwa babu ita. Mahaifa ba buɗaɗɗiyar ƙwarya ba ce, bangonta a manne yake da juna, ki tashi ki yi fitsarinki ki tafi gida, bincike bai nuna kwanciyar tana ƙara komai ba.

Inda aikin yake shi ne magani. Kusan sati biyu za ki yi kina shan estrogen har shimfiɗar mahaifa ta yi kaurin milimita 7 ko 8, sannan a fara progesterone kimanin kwana 5 kafin dashen idan tayin ɗan kwana 5 ne, na allura ko na matsi, kuma shi ke riƙe cikin har sati 10 zuwa 12. Kar ki tsallake, kar ki daina don kin ga ɗigon jini, ki kira asibiti. Progesterone ɗin ne kuma zai sa nono ya yi nauyi, ciki ya kumbura, ki ɗauka ciki ya shiga, alhali gwajin jini na bayan kwana 9 zuwa 14 ne kaɗai zai faɗa. In bai kama ba, galibi daga tayin ne, ba laifinki ba ne.

Don Allah ki tambaya guda nawa za a sa. Masu ɗan sukan so biyu, amma cikin tagwaye da hawan jini da haihuwar bakwaini a jikinki za su sauka, ni ɗaya nake ba da shawara.

In ke Musulma ce ki sani Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta aron mahaifa a zamanta na Amman a 1986, ki zauna da malaminki kafin ranar. Najeriya kuma ba ta da dokar tarayya a kan wannan harka, don haka a rubuta yarjejeniya da lauyanki na kanki, a faɗi wa zai biya kuɗin asibiti in an samu matsala.