Tambaya da Amsa: Me ya sa ƙananan mazaɓu ke fitowa ja a taswirar illar giya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen ajiye bayanan marasa lafiya. An ba mu aikin zana taswirar wuraren da cututtuka masu nasaba da shan giya suka fi yawa, mazaɓa-mazaɓa. Da na raba adadin masu ciwon hanta da yawan jama'a, sai wasu ƙananan mazaɓun karkara suka fito ja zur, cikin gari kuwa fari. Ina na kuskure?
Daga wata ma'aikaciyar lafiya, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rabawarki daidai ce, ƙanƙantar adadin ce ta yaudare ki. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma idan aka watsa marasa lafiyar shekara guda a kansu, kowace ɗan kaɗan za ta samu. A misali, mazaɓa mai mutum 5,000 ta samu mara lafiya ɗaya bara, wato 20 cikin dubu ɗari. Bana ta samu uku, ya koma 60. Ƙarin mutum biyu kacal ya ninka alƙalumanta sau uku. A mazaɓa mai mutum 50,000 kuwa, daga 10 zuwa 12, tashin daga 20 ne zuwa 24.

Sai ki haɗa bayanan shekara uku zuwa biyar wuri guda. Sannan ki fitar da adadin da ake sa ran gani a kowace mazaɓa: ki ɗauki ma'aunin yawan cutar a jiha baki ɗaya na kowane rukunin shekaru, maza daban mata daban, ki ninka da yawan mutanen rukunin a mazaɓar, ki tara. Ki raba abin da aka gani da abin da aka sa rai. An ga 6, an sa ran 4, sakamako 1.5 ke nan. Ko wannan ma yana rawa a ƙaramin wuri, shi ya sa masana ke amfani da tsarin da Besag, York da Mollié suka fitar a 1991, inda ƙaramar mazaɓa ke aron ƙarfi daga maƙwabtanta da kuma matsakaicin jiha. Manhajar R tana yin lissafin, QGIS ta zana, duka kyauta ne. Kada ki shafa wa mazaɓa ja sai lissafin ya nuna aƙalla kashi 80 cikin ɗari na yiwuwar sakamakonta ya zarce 1, wato cutar ta fi yadda aka sa rai.

Yawan jama'ar ma abin dubawa ne. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, kuma rashin tsaro ya tashi mutane daga ƙauyukan Batsari, Safana da Jibiya. Haka adireshi: ɗan ƙauye kan ba da gidan ɗan'uwansa na cikin gari, wani ma daga Maraɗi ya zo.

Amma abin da ya fi damun mu a tambayarki shi ne ɗaukar ciwon hanta a matsayin shaidar giya. A ƙasar Hausa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana da yawa ƙwarai, ga kuma gubar da funfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Dukansu suna lalata hanta ga wanda bai taɓa kurɓa ba. In ba ki ware waɗanda gwajinsu na nau'in B ya nuna suna ɗauke da ita ba, taswirar wata cuta kika zana, kika sa mata sunan giya, kika kuma ɓata wa ƙauye suna.

Tun da jihar ta ɗauki shari'ar Musulunci a 2000, mai sha a ɓoye yake sha, da wuya ya faɗa wa likita a gaban iyalinsa. Tambayoyi goma na AUDIT, wato ma'aunin shan giya na Hukumar Lafiya ta Duniya, sun fi "kana sha?" amfani, in an yi su a keɓe, maki 8 zuwa sama alamar haɗari ce. Duk mazaɓar da adadinta bai kai biyar ba, ki haɗe ta da maƙwabciyarta kafin taswirar ta bar ofis, don a ƙaramin gari mutum biyu ba sa ɓuya.