Motata tana fizga idan na taka totur: sensa ce ta lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata tana fizga da zarar na ɗan taka totur, a silo kuma ƙarar injin sai ta riƙa hawa da sauka. Wutar cek injin ta kama, da aka sa kwamfuta ta nuna P0121. Makanike ya ce in sayo sabuwar sensar totur. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗan dakata tukuna. Alamomin da ka lissafa sun yi kama da na sensar totur, wadda ake kira TPS, amma lambar P0121 ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi saƙon da ke isa ƙwaƙwalwar mota, wato na'urar da ke sarrafa injin, bai dace da yadda injin ke aiki ba. Waya ma tana jawo haka, soket mai tsatsa ma haka.

Sensar tana manne a jikin maƙogwaron totur, aikinta ta sanar da ƙwaƙwalwa iya buɗewar murfin iska. A motocin da ke da kebul ɗin totur, yawanci wayoyi uku gare ta: ɗaya tana kawo volt 5, ɗaya nagetif, ta uku tana mayar da saƙo.

Ka sa mai gyaran wutar mota ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba. Ya fara tabbatar da volt 5 ɗin da nagetif. In ɗaya babu, a bi waya, sabuwar sensa ba za ta tsinana komai ba. In suna nan, ya ɗora mitar auna wuta a wayar saƙo ta bayan soket, kada ya huda robar waya, domin nan danshi ke shiga daga baya. Totur a rufe, za a ga wajen volt 0.5, a buɗe gaba ɗaya, wajen 4.5.

Abin da ke tsakanin biyun shi ne gwajin. A buɗe totur a hankali, a hankali sosai, ido na kan mita. Ya kamata lambar ta hau sumul, 0.9, 1.2, 1.6, babu tsalle. Idan ta kai wani wuri ta faɗi kusan sifili sannan ta dawo, to cikin sensar ya cinye. Galibi a farko-farkon taki ake samun wannan, inda ƙafa ta fi zama, shi ya sa fizgar da ka ce tana zuwa da ɗan taki ta sa ni ma nake zarginta. Mita mai allura, ko kwamfutar da ke zana layi, ta fi kama wannan faɗuwar. Yana cikin aunawa ya girgiza wayoyin, ya ɗan ƙwanƙwasa sensar da gindin sukundireba. In lambar ta motsa, an gano inda ciwon yake.

In kuwa komai ya hau lafiya, a duba dattin da ya taru a maƙogwaron totur da tiyon da ke zuƙar iska ta gefe. Su ma suna lalata silo.

Ba ka faɗi irin motar ba. In totur ɗinta na lantarki ne, sensa biyu ce a ciki suna gadin juna, kuma sau da yawa ba a sayar da su daban, sai a canza maƙogwaron dungurungum. Bayan canji ko wanki, motoci da yawa sai an sake saita musu silo da kwamfuta, sannan a goge lambar P0121 ɗin a fita gwaji.